Hutun hunturu a ƙasar waje: Abin da za a duba kafin zaɓen tsaunin wasan zamiya

A ranar 1 ga Janairun 2023, zafi ya haura digiri 20 a garin Delémont na ƙasar Suwizalan, a lokacin da aka saba da sanyi mai daskarar da ruwa. A makonnin nan, masu yawon buɗe ido da suka kama ɗakin otal tun da wuri sun isa wasu wuraren wasan zamiya na tsaunukan Alps, suka tarar da ciyawa da taɓo maimakon dusar ƙanƙara. Wurare da dama a Faransa sun rufe hanyoyinsu.

Ga iyalin da ya tara kuɗi, ya sha layin biza, ya ƙetare hamada domin yara su ga dusa da idonsu, wannan babbar asara ce, domin ba kasafai otal ke mayar da kuɗi saboda dusa ta ƙi sauka ba. Shi ya sa shaharar wuri kaɗai ba ta isa hujjar zaɓensa ba.

Tsayin wuri shi ne farko

Duk hawan mita 1,000, sanyi kan ƙaru da kusan digiri 6. Abin da ya sauka a matsayin ruwan sama a gindin tsauni, dusa ce a samansa. Yayin da ɗumamar yanayi ke ƙaruwa, wuraren da ke ƙasa-ƙasa ne suka fi shiga halin rashin tabbas.

Injinan ƙera dusa na rage matsalar, amma su ma ba sa aiki sai sanyi ya sauka ƙasa da sifili.

Val Thorens a Faransa na kan tsayin mita 2,300, kuma yakan buɗe daga ƙarshen Nuwamba har farkon Mayu. Yana cikin yankin Trois Vallées mai hanyoyin zamiya da suka kai kusan kilomita 600. A Zermatt na Suwizalan, garin na kan mita 1,600 da ɗoriya, amma motar igiya na kai mutane har mita 3,883. Ba a shiga garin da motar haya ko ta gida, sai a ajiye ta a Täsch a hau jirgin ƙasa.

Don haka lambobi biyu matafiyi zai nema: tsayin garin da zai kwana, da tsayin hanyoyin da zai yi wasa.

Babban suna ba lallai ya dace da ɗan koyo ba

A Turai, launi ne ke nuna wahalar hanya. Kore ta 'yan koyo ce a Faransa, shuɗiya mai sauƙi, ja matsakaiciya, baƙa kuwa ta gwanaye.

Chamonix, da ke gindin Mont Blanc, shi ya karɓi baƙuncin gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, kuma sunansa ya zagaya duniya. Sai dai ya fi shahara da gangare masu tsanani, sannan filayensa a warwatse suke, sai an shiga bas daga wannan zuwa wancan. Wanda bai taɓa ɗaura katakon zamiya a ƙafa ba zai biya kuɗin tsaunin da ba zai iya taka rabinsa ba.

Ɗan koyo ya fi buƙatar wuri mai yawan hanyoyi kore da shuɗi, da makarantar koyarwa mai malamai masu jin Turanci ko Faransanci, da masauki kusa da filin. Tafiyar minti 15 cikin takalmin zamiya mai nauyi, ga yaro a hannu, ta isa ta ɓata safiya.

Ba Alps kaɗai ba

Turkiyya na da wuraren da sau da yawa suka fi na Suwizalan sauƙin kuɗi, ga abincin halal da masallatai ba sai an wahala ba. Erciyes, tsauni mai mita 3,917, na dab da birnin Kayseri. Palandöken na gefen Erzurum, wanda ya karɓi gasar hunturu ta ɗaliban jami'o'in duniya a 2011. Uludağ kuwa na saman Bursa, ba nisa da Istanbul.

A Jojiya akwai Gudauri, kimanin kilomita 120 daga Tbilisi. A Afirka ma akwai Oukaïmeden kusa da Marrakesh a Maroko, amma dusarsa ba ta da tabbas. Afriski na Lesoto kuma hunturunsa daga Yuni ne zuwa Agusta, saboda yana kudancin duniya.

Arha dai ba ta hana bincike. A Janairun 2025, gobara a wani otal da ke Kartalkaya a Turkiyya ta hallaka mutum 78. Tambayar otal game da ƙararrawar gobara da ƙofofin tsira ba abin kunya ba ne.

Lokaci da kuɗi

Makon Kirsimeti da sabuwar shekara, da hutun makarantun Turai a Fabrairu, su ne lokutan da farashi ke tashi kuma layi ke tsawo. Tsakiyar Janairu ya fi araha, amma ya fi sanyi kuma rana kan faɗi da wuri. A Maris yini ya fi tsawo, sai dai dusar wurare masu ƙarancin tsayi ta fara narkewa.

Kuɗin jirgi da otal somin taɓi ne. Akwai tikitin hawa tsauni, hayar katako da takalmi da hular kwano, kuɗin malami, da mota daga filin jirgi. Duk waɗannan kowa da nasa ake biya, don haka iyali mai mutum biyar ya ninka lissafinsa sau biyar.

Biza da inshora

Faransa, Italiya, Ostiriya da Suwizalan duk bizar Schengen ɗaya ce, kuma kuɗinta yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya. Turkiyya da Jojiya kowace da nata tsarin.

Bizar na buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, amma yawancin inshorar tafiya ba ta ɗaukar raunin wasan zamiya sai an ƙara wannan sashe. A Faransa, wanda ya ji rauni a kan hanya shi ake cajin kuɗin sauko da shi. Italiya kuwa tun 2022 ta wajabta inshorar biyan diyya ga wanda aka buge.

Fita daga hanyar da aka shata na da haɗari ko ga gwani. A irin wannan wuri ne tsohon zakaran tseren mota Michael Schumacher ya bugu da dutse a Méribel a Disamban 2013, duk da yana sanye da hular kwano.

Masu sikila su fara ganin likita

Daga kusan mita 2,500, ƙarancin iskar oksijin kan jawo ciwon kai, jiri da rashin barci. Ga mai cutar sikila, wadda ta yi yawa a Najeriya da Nijar, lamarin ya wuce haka: sanyi, ƙarancin iska da ƙarancin ruwa a jiki duk suna tayar da ciwon. Ko mai rukunin jini AS an san tsayi mai yawa na iya taɓa masa saifa.

Ke nan tsayin da ke tabbatar da dusa shi ne kuma ke iya zama haɗari ga wani a cikin iyali. Idan akwai mai wannan lalura, shawarar likita ce za ta fara faɗin iyakar tsayin da za a je, sannan a shiga neman otal.