Kafin Ka Jefar Da Emfinka, Duba Batirinta

A teburin mai shayin unguwarmu akwai wata 'yar na'urar sauraron sauti, irin wadda muke kira emfi, wato MP3. Da asuba karatun Alƙur'ani take yi, da hantsi wa'azi, da dare kuma sai ka ji kalangun Shata. Murfin bayanta ya daina rufuwa, don haka ya ɗaure ta da robar ɗaurin kuɗi, wayar caji kuwa ba ta rabuwa da ita, domin da zarar an zare sai ta ɗauke. Ran nan ya ce mini ta mutu, sabuwa zai saya. Na karɓa na kwance robar, sai ga batirin ya kumbura ya yi tozo kamar fanke. Lasifikarta lafiya, gidan memori lafiya, maɓallanta duk suna aiki. Batir kaɗai ya gaji, kuma kuɗin sabo bai kai rabin kuɗin na'urar ba.

Na'urori da yawa a haka suke ƙarewa a bola, alhali abin da ya lalace a cikinsu shi ne wanda dama aka san zai riga sauran lalacewa.

Matsalar ba a kanmu ta fara ba. Lokacin da kamfanin Sony na Japan ya fito da na'urar sauraron sauti ta Walkman a 1979, batir biyu ƙanana ake saka mata, in sun ƙare a cire a sa wasu. A 1991 kamfanin ya fara sayar da batirin litiyom mai caji, wanda binciken da ya haifar da shi ya sa aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel a 2019. Wannan batir ba shi da nauyi, ga riƙe wuta, shi ya sa na'urori suka ƙanƙance. Da kamfanin Apple ya fito da tasa na'urar, iPod, a watan Oktoban 2001, mai ɗaukar waƙa 1,000 da cajin awa goma, sai aka rufe batirin ruf a ciki, babu murfin da mai shi zai buɗe. A 2003 wasu 'yan'uwa biyu a birnin New York, Casey da Van Neistat, suka yi ɗan gajeren fim suna kokawa cewa batirin tasu ya mutu bayan wata 18. A ƙarshen shekarar kamfanin Apple ya fito da tsarin sauya batir a kan dala 99. An daina ƙera iPod a 2022, amma har yau akwai masu buɗe tsofaffin suna sa musu sabon batir suna ci gaba da jin daɗinsu. Tarayyar Turai ma ta yi doka a 2023 cewa daga 2027 dole yawancin ƙananan na'urori su zo da batirin da mai su zai iya cirewa ya sauya.

To me ke kashe batir? A cikinsa akwai ɓangarori biyu da ƙwayoyin litiyom ke kai-komo a tsakaninsu. In ana caji su taru a gefe ɗaya, in ana amfani su koma ɗayan. Kowace tafiya sai wasu sun maƙale a hanya, kamar buhun gero mai ɗan huji da ake ta ɗauka ana saukewa. Yawancin irin waɗannan batura suna yin zagayen caji 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsu ya ragu zuwa kashi 80 cikin ɗari. Zagaye ɗaya kuwa ba ya nufin jonawa sau ɗaya. In ka ci rabin caji yau ka cika, gobe ka sake cin rabi ka cika, zagaye ɗaya ke nan. Tsufa dai ba makawa, ko an ajiye batir ba a taɓa shi ba yana raguwa. Abin da ke hannunmu shi ne kada mu gaggauta masa.

Babban abin da ke gaggauta masa shi ne zafi, kuma a nan ne mu mutanen wannan yanki ya kamata mu fi kowa buɗe kunne. Masu ƙera na'urori suna gargaɗin kada a bar su a wurin da zafinsa ya haura digiri 35. Mu kuwa a watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, a inuwa ma sai zafi ya wuce 40. Ni da kaina na taɓa barin tawa a gaban gilashin mota na shiga masallacin Juma'a. Da na fito ba ta taɓuwa da hannu. Ta ci gaba da aiki, amma cajin da ke kai ni daga Kano zuwa Zariya da dawowa ya koma ko zuwa ba ya kaiwa. Ɓarnar zafi ba ta gyaruwa. Mafi muni shi ne a haɗa zafi da caji: a jona na'ura a rana, ko a ƙarƙashin filo, ko a shagon caji inda aka jibge wayoyi kan wayoyi a ƙarƙashin rufin kwano. In za ka kai caji, roƙi mai shagon ya ajiye maka ita a gefe inda iska ke ratsawa, ka kuma je ka karɓa da zarar ta cika.

Sai wasu al'adu biyu da muka gada daga tsofaffin batura. Da yawanmu mun tashi muna shanya batirin rediyo a rana, wasu har su ɗan taune shi, don ya ƙara kai mu ƙarshen labaran yamma. Wancan busasshen batir ne, ɗumi yana ɗan farfaɗo da shi na ɗan lokaci. Wanda ya gwada wannan da batirin litiyom, wuta yake nema. Ta biyu ita ce maganar cewa sai batir ya ƙare ƙurmus kafin a yi caji, sabo kuma sai an bar shi awa takwas a jone. Wannan shawara ta batirin nikel ce na zamanin da. Na litiyom ba ya son a tatse shi har ya ɗauke, ba ya kuma son ya daɗe a cike tam. Cikarsa bolt 4.2 ne, ƙarewarsa wajen bolt 3, kuma ya fi samun sauƙi a tsakani. Saboda haka in ka ga saura layi ɗaya, jona. In ta cika, zare. Idan za ka ajiye na'ura na watanni, bar ta da rabin caji a wuri mai sanyi, ka riƙa duba ta lokaci-lokaci, don batirin da aka ajiye babu komai a cikinsa yana iya sumar da ba zai farfaɗo ba.

Akwai kuma dabarun sa caji ɗaya ya daɗe, waɗanda su ma suna rage yawan zagayen. Lasifika ce ta fi komai shan caji, musamman in an ƙure murya. Rage sauti kaɗan, ko ka yi amfani da iyafis mai waya in kai kaɗai kake saurare. Kashe Bluetooth in ba a buƙatarsa. Fitilun nan masu walwali ja da shuɗi ado ne kawai, batir ke biyan kuɗinsu. Mai allo ya rage haskensa. In ka gama saurare, kashe ta gaba ɗaya daga maɓalli, kada ka tsayar da waƙa kawai ka ajiye. Cajar ma a kula da ita: waɗannan na'urori bolt 5 suke karɓa, kuma caja marar kyau in ta haɗu da wutar janareta mai hawa da sauka, ita ce ke fara kai musu duka.

Yaya za ka gane lokacin sauyi ya yi? In cajin da ke yini ya koma awa ɗaya, in ta nuna ta cika cikin 'yan mintuna ta kuma sauke nan take, in tana ɗaukewa duk lokacin da aka ƙara murya, ko tana yin zafi fiye da da, batir ya kusa. Kumburi kuwa ba a jiran gobe da shi. Iskar gas ce ta taru a ciki. Kada a danne shi, kada a huda shi da allura wai don ya sace, kada a sake jona shi.

Baturan da ke cikin emfin da ke kasuwanninmu kusan iri uku ne. Akwai mai faɗi irin na tsofaffin wayoyin Nokia, mai lamba BL-5C, wanda na ainihinsa mAh 1,020 ne. Wannan ko yaro ya iya sauya shi. Akwai mai kama da guntun rake, 18650, sunan da ya samo daga girmansa: kauri milimita 18, tsawo 65. Shi ma cire-sa ne, sai dai a kula da kai da gindi kada a juya. Na uku shi ne mai laushi cikin farar leda mai ƙyalli, da wayoyi biyu ja da baƙi, wanda ake mannewa da gam. Lambar jikinsa ita ce awonsa: 503040 na nufin kauri milimita 5, faɗi 30, tsawo 40. Wannan a kai wa mai gyara, irin waɗanda ke cike a Farm Centre ta Kano da sauran kasuwannin waya, domin sai an yi aikin dalma, kuma sukudireba ɗaya in ya kauce ya huda ledar, sai hayaƙi. A tabbata sabon ya zo da ɗan allon kariyarsa a bakinsa, wanda ke yanke wuta in caji ya wuce kima.

Wajen saye a duba abu uku: bolt ya zama 3.7 kamar na da, girma ya shiga gurbinsa ba tare da an matsa ba, sannan mAh. Shi mAh awon cikin batir ne, kamar litar jarka. Batir mai 1,000 a na'urar da ke jan 100 zai yi wajen awa goma. Amma a nan 'yan jabu suke cin kasuwarsu. Za ka ga 18650 an rubuta masa 9,900 da manyan baƙaƙe, alhali na ƙwarai daga manyan kamfanoni bai cika wuce 3,500 ba. Ɗauke shi a tafin hannu ka ji: na gaske yana da nauyin wajen giram 45, jabun kuwa sakayau kamar karan dawa. Wasu ma tsofaffi ne da aka ciro daga batirin kwamfuta aka sake musu riga. Araha ba ta ado. Gara mai 2,000 na gaskiya da mai 9,900 na ƙarya.

Tsohon da aka cire kuma kada a jefa shi a shara, tunda yawancin shararmu ƙona ta ake yi, kuma batirin litiyom fashewa yake a wuta. Kada a bar wa yara su yi wasa da shi, ko a sa shi a aljihu tare da makulli da kwabbai, don ƙarfe yana iya haɗa bakinsa ya tayar da zafi. A liƙe bakin da salatif, a mayar wa mai gyaran ko masu tattara tarkacen kayan lantarki.

Mai shayinmu dai ya aiki yaronsa ya sayo BL-5C, muka saka, murfi ya rufu da kansa. Robar ta koma aikinta na ɗaure kuɗi. Na ce masa ya ɗauke emfin daga kusa da murhu ya rataye ta a jikin turken rumfa, inda iska ke kaɗawa. Jiya da na wuce bayan isha'i ina jin muryarta tun daga bakin layi, kuma wayar cajin tana naɗe a cikin gwangwanin madara.