Sunan Audu da Ja da Bayansa a Kano

Audu gajarcen Abdullahi ne, watau bawan Allah. A Sakkwato Abdu akan ce. Kananci ne ya mai da "b" ta koma "u", kamar yadda sabka ta zama sauka. Da wannan kama sunan ya yaɗu har ƙasar Idoma, mahaifar Audu Ogbeh. A Kano kuwa Audu Baƙo ya yi gwamna daga 1967 zuwa 1975, ga titinsa nan a Nassarawa.

Amma fa wanda ya zaga makarantun Islamiyya na Giginyu yau, Abdullahi zai ji ana kira, ko Abdul. Iyaye da yawa suna ganin Audu sunan ƙauye ne, malamai kuma sun fi son a cika sunan, kada a yar da na Ubangiji.