Baƙin Haure da Tsaron Kan Iyaka: Ina Ruwan Manomi?

Duk mai sauraron rediyo ya san maganar baƙin haure ba ta ƙarewa a bakin manyan ƙasa. Baƙin haure su ne mutanen da su ke shiga wata ƙasa ta ɓarauniyar hanya, ba takarda, ba izini, kamar wanda ya bar ƙofa ya haura katanga. In aka yi kashe-kashe a wani gari, sai a ce baƙi ne suka shigo. In hatsi ya yi tsada, sai a ce an kwashe an ƙetare da shi. Wani manomi zai ce wannan maganar soja ce da kwastan, ba tasa ba. To, tasa ce, gama cikin masu yi mana ƙodago da kaka akwai 'yan ci-rani daga ƙetare, shanun noman da mu ke saye da yawa daga Nijar da Cadi su ke fitowa, bindigar da ta hana waɗansu ƙungiyoyinmu zuwa gona kuwa ta kan iyaka ta shigo.

Iyakar da ta ratsa tsakiyar dangi

Iyakar Nijeriya da Nijar ta kai wajen kilomita 1,500, watau fiye da mil 900. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta, aka kuma kakkafa alamunta tsakanin 1906 da 1908. Ba su tambayi kowa ba. Sarautar Katsina ta dā tana Maraɗi, ta Gobir tana Tsibiri, mutumin Illela kuwa surukinsa yana Birnin Ƙonni. Akwai manoman da gidansu ya ke wannan ƙasa, gonarsu tana waccan. Haka abin ya ke wajen Mubi da duwatsun Gwoza, inda ƙabila ɗaya ta ke zaune a Nijeriya da Kamaru. Wanda ya je kasuwar Maigatari ran Alhamis ya ga yadda dabbobi su ke kwararowa daga arewa, zai gane wahalar mai gadin wannan iyaka. A 2013 Ministan Harkokin Cikin Gida, Abba Moro, ya ce ƙofofin shiga na halal 84 ne, ɓarayin hanyoyi kuwa sun fi 1,400.

Sai mu lura, ba kowane baƙo ne baƙon haure ba. An kafa ƙungiyar ECOWAS a Ikko a 1975, a 1979 kuwa ƙasashenta suka yarda ɗan kowace ƙasa cikinsu ya shiga ɗaya ya zauna har kwana 90 ba sai da biza ba, muddin yana riƙe da takardar tafiya ta gaskiya, ya kuma bi ta ƙofar da hukuma ta sani. In zai wuce kwana 90, tilas ya nemi izinin zama wurin ma'aikatan shige da fice. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar ran 29 ga Janairu, 2025, amma a lokacin ECOWAS ta ce a ci gaba da barin mutanensu su yi zirga-zirga kamar dā har sai an sake shawara. Kamaru da Cadi ba su cikin ECOWAS tun asali. Yawancin 'yan ci-rani ba mugun nufi ne ya hana su takarda ba. Ofis yana da nisa, kuɗi babu, kakanninsu kuma ba su taɓa neman izinin kowa ba kafin su zo yankan shinkafa.

Korar 1983

Nijeriya ta taɓa gwada maganin gaggawa. A watan Disamba 1980 rikicin Maitatsine ya tashi a Kano, mutum fiye da 4,000 suka mutu. Shi Muhammadu Marwa daga Marwa ta Kamaru ya fito, cikin mabiyansa kuma akwai 'yan ƙasashen waje tare da 'yan ƙasa masu yawa. A 1982 aka sake yi a Bulunkutu ta Maiduguri da Kaduna. Ga kuɗin mai ya faɗi, aiki ya yi wuya, zaɓe kuma yana tafe. Ran 17 ga Janairu, 1983, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar ƙasa. Mutum wajen miliyan biyu suka fita, kimanin rabinsu 'yan Gana. Mutane suka yi kwanaki a kan iyakar Seme da tashar jirgin ruwa ta Apapa, waɗansu suka mutu a hanya. Jakar nan mai zane-zane da a ke kira Ghana Must Go daga nan ta sami sunanta. Ita Gana ma ta yi irin wannan a 1969 zamanin Busia, inda ta kori baƙi, har da Yarabawa da Hausawan zango waɗanda aka haifa can.

Abin tambaya shi ne, kora ta kawo zaman lafiya? Shekara guda bayanta, a 1984, 'yan Maitatsine suka tashi a Jimeta ta Yola, a 1985 kuma suka tashi a Gombe. Magina da teloli da malaman makaranta aka kora, masu ɗauke da makami kuwa suna nan inda su ke.

Ran da aka kulle ƙofa

Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a watan Afrilu 1984, lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986. Abin ya zo daidai da babban fari. Talakan Nijar da ya saba in damina ta ƙi ya gangaro kudu ya yi ƙodago ya sayi gero, sai ya tarar hanya a toshe. Har yau a ƙasar Maraɗi da Damagaram tsofaffi suna kiran yunwar shekarar nan El-Buhari.

A watan Agusta 2019 aka sake rufewa, aka ce domin a hana fasa-ƙwaurin shinkafa da shigowar makamai. Gaskiya masu noman shinkafa sun ji daɗin kasuwa, ba za mu ɓoye wannan ba. Amma mai saye ya sha wuya, mai wake da mai albasa da dillalin dabbobi kuma cinikinsu ya karye. A watan Nuwamba na shekarar aka hana kai mai gidajen man da su ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mai lambun da ya ke ban ruwa da inji a wannan yanki sai ya koma sayen na bumburutu da tsada. Shinkafar waje ba ta daina shigowa ba, sai dai ta bar mota ta hau babur ta bi daji da dare. A watan Disamba 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum. A cikin watannin nan goma sha shida 'yan bindigar Zamfara da Katsina ba su rasa harsashi ba. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka kuma rufewa har Maris 2024, da baya-baya.

A 2025 Janar Christopher Musa, wanda ya ke shugaban rundunonin tsaro a lokacin, ya kawo shawarar a kewaye iyakokin ƙasa da shinge. Mu dai da muka san wahalar shingen lambu kadada ɗaya, da yadda akuya ta ke samun kafa, muna shakkar wannan.

Inda haɗarin ya ke

Kada wani ya ɗauka muna cewa babu abin tsoro. Akwai, mai girma kuwa. Da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a Libiya a 2011, makamai suka bazu cikin Sahara, waɗansu suka gangaro har dazuzzukanmu. 'Yan Boko Haram sun daɗe suna kai hari a wannan gefe su ɓuya a wancan, tsakanin duwatsun Mandara da tsibiran Tafkin Cadi. Shanun da aka sace a ƙasa ɗaya a kan sayar da su a kasuwar wata.

Labarin Lakurawa ya isa kowace ƙungiya ta zauna ta yi nazari a kansa. Mutane ne masu makamai da suka fito ta wajen Mali da Nijar. Wajen 2017 waɗansu shugabannin ƙauyuka a Tangaza da Gudu ta Jihar Sakkwato suka karɓe su domin su kore musu ɓarayin shanu, gama hukuma ta yi nisa, ɓarayi kuwa sun matsa. Da fari sun kori ɓarayin. Da suka zauna da gindinsu sai suka shiga karɓar dabbobi da sunan zakka, suna kafa dokokinsu, suna yi wa mutane bulala, suna jan samari da kuɗi. A watan Nuwamba 2024 suka kashe mutum 15 a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Jihar Kebbi, a Janairu 2025 kuma kotun tarayya ta ce su 'yan ta'adda ne. Ba a ɓoye suka shigo ba, masauki aka ba su. Ba ma zargin talakan da wuya ta kai shi bango, amma wanda ya gayyato mai bindiga ya yi masa gadi, ba shi ne zai faɗa masa ranar tafiya ba.

Mu kuma tuna hanyar nan ba gefe ɗaya ta ke bi ba. Tun 2013 dubban mutanen Gwoza da kewaye, cikinsu har da 'yan ikilisiyoyinmu, su ke zaune a sansanin Minawawo cikin Kamaru. Waɗansu suna Diffa. Daga 2019 dubbai daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka gudu ƙasar Maraɗi. Ba wanda ya tsaya neman fasfo da harbi a bayansa, mutanen can kuwa suka buɗe musu rumbu.

Aikin da ya rage wa ƙungiya

Iyayenmu suna da tsarinsu tun kafin a san fasfo. Baƙo ba ya kwana a gari sai an kai shi wurin mai unguwa, yana kuma da mai masauki wanda zai amsa dominsa. A wurare da yawa wannan al'ada ta mutu, ƙungiyar gama kai kuwa tana iya tashe ta ba da kashe ko kwabo ba. In ƙungiya za ta ɗauki 'yan ƙodago, magatakarda ya rubuta sunan kowa a littafi, da garinsu, da sunan dagacinsu, da wanda ya kawo shi, sa'an nan a gabatar da su ga mai unguwa. Mutumin kirki ba ya ƙin wannan, gama kariya ce gare shi ran da aka zo kame. Wanda zai daɗe, a nuna masa ofishin shige da fice. A kuma biya shi cikakken hakkinsa. Akwai masu gona da su kan sa baƙo aiki har kaka, ran biya su ce za su kira masa hukuma tun da ba shi da takarda. Wannan zalunci ne, dattawan ƙungiya su hana shi.

Wajen sayen shanun noma, kada ma'aji ya fitar da kuɗin ƙungiya sai a cikin kasuwa, a hannun dillalin da aka sani, da takardar shaida. Bijimin da aka kawo da magariba a rabin kuɗinsa, a bar shi. Takin zamanin da ƙungiya ta samu da rangwame kuma na gonakin 'yan ƙungiya ne. Wanda ya sayar wa 'yan fasa-ƙwauri nasa ya taimaki hanyar da bindiga ta ke bi ta shigo, gama masu fita da taki da mai da dare su ne suka san dajin.

In aka ga baƙin fuska da makamai, ko babura da yawa suna ratsa daji, ko wani yana sayen burodi da mai fiye da bukatar gida ɗaya, a gaya wa dagaci ko hakimi a asirce, shi ya kai gaba. Kada a tara samari a bi su, kada kuma a taɓa mutum domin harshensa ko kamanninsa kawai. Bafulatanin da ya ke ratsawa da garkensa ta burtali kowace shekara, yawancin lokaci sarkin Fulanin yankin ya san shi, a fara tambayarsa. Su kuma 'yan ƙungiya da ba su da katin ɗan ƙasa, musamman mata da samari na garuruwan kan iyaka, shugaba ya sa rana a tafi tare a yi rajista kafin aikin damina ya kankama.