Raba ruwa da hasken rana don samar da haidurojin

A 1972, Akira Fujishima da Kenichi Honda suka nuna cewa idan haske ya sauka kan sinadarin titaniyam dayoksaid, yana iya raba ruwa gida biyu: haidurojin da oksijin. Cikas ɗin shi ne sinadarin ba ya cin moriyar komai sai hasken ultrabayolet, wanda bai wuce kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. Shi ya sa masana ke neman haɗin da zai kama hasken da ido ke gani.

A 2021, tawagar Kazunari Domen ta ba da rahoton gwajin da ta yi a Japan na faranti masu raba ruwa da hasken rana, masu faɗin murabba'in mita 100. Kashi 0.76 kacal na ƙarfin ranar ya koma haidurojin. Sai an kai kashi 5 zuwa 10 kafin a fara maganar kasuwa.