Wasiƙar da Ba Ta Bi ta Gidan Waya

Shirin musamman na yau daga Duwala yake zuwa muku, daga unguwar New Bell, inda Hausawa suka daɗe da kafa gida da kasuwa. Za mu yi magana ne a kan wata manhaja da ake kira I2P, da ɗan ƙarin da ake jona mata don aika wasiƙa, wato I2P-Bote. Matasa masu sha'awar kwamfuta sukan ji sunansu, su sauko da su, su kafa, sannan su zauna suna kallon allo ba su san abin da ke faruwa ba. Saboda su muka shirya wannan shiri. Amma kafin mu taɓa kwamfuta, ku ba ni aron kunnuwanku mu koma baya kaɗan, domin ita kanta wannan unguwa akwai rigimar saƙo a tarihin kafuwarta.

A zamanin mulkin Jamus, Turawa suka yanke shawarar kwashe mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri, su mayar da su can ciki, a bar fili mai faɗin kilomita guda tsakanin baƙar fata da unguwar Turawa. Cikin wuraren da aka ware wa waɗanda za a tasa har da nan New Bell. Sarkin Duwala na lokacin, Rudolf Duala Manga Bell, ya yi karatu a Jamus, ya san dokokinsu, don haka ya ce bari ya kai kuka ga majalisar dokokin Jamus a Balin. A watan Janairun 1913 aka buga wayar tangaraho. To, ku saurari wannan wuri da kyau. Saƙon bai tafi a ranar ba. Hukumar mulkin mallaka ta nan Duwala ta riƙe shi na wasu kwanaki, yayin da ake zartar da dokar ƙwace filayen. Waya ɗaya ce ke fita daga gari, kuma wanda ake kai ƙararsa shi ne zaune a bakinta.

Da suka ga haka, sai suka tura mutum da ƙafarsa. Sakataren sarki, Ngoso Din, ya sulale ya fita a ɓoye har ya isa Jamus. A can aka kama shi a 1914, aka dawo da shi. Sannan Jamusawa suka ce Manga Bell ya aika manzo zuwa Fumban, wurin Sarkin Bamun Njoya, yana neman a haɗa kai a kansu, kuma daga can Fumban ɗin labarin ya iso kunnensu. Ran 8 ga Agustan 1914 aka rataye Manga Bell da Ngoso Din a nan Duwala. Saƙo ɗaya an tare shi a hanya, ɗayan kuma ya isa lafiya amma ya tonu a wurin da aka kai shi. Ku riƙe wannan bambanci, domin za mu sake bukatarsa.

To, mece ce I2P? A taƙaice, hanya ce da kwamfutoci ke haɗa kai su riƙa miƙa wa juna saƙo a kulle, ba tare da wata babbar cibiya a tsakiya ba. An fara ta a 2003. Wanda ya jagoranci rubuta ta bai taɓa bayyana sunansa na gaskiya ba, jrandom kawai aka san shi da shi. Abin da ya fi ba ni mamaki, a ƙarshen 2007 mutumin nan ya ce zai ɗan yi nisa, kuma daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa a aikin ba. Ka gina abu shekara huɗu, ka tafi, waɗanda kuka yi aiki tare dare da rana ba su da ƙofar da za su je su ƙwanƙwasa su tambayi lafiyarka. Sai wasu masu sunayen aro irin nasa suka ɗauki aikin, babbansu ana ce masa zzz, kuma har yau manhajar tana raye, kyauta ake ba da ita, kowa na iya duba yadda aka rubuta ta.

Yadda take aiki kuwa, ku tuna da wasiƙar da ake ba direban babbar mota. Kana New Bell, kana son saƙo ya isa Marwa. Ka ba direban da zai tsaya Yawunde, shi ya miƙa wa na Ngawundare, na Ngawundare ya miƙa wa na Garwa. Sai dai a nan, ambulan uku ne a cikin juna, kowane direba nasa kaɗai yake iya buɗewa, kuma abin da zai gani a ciki bai wuce sunan direba na gaba ba. Na tsakiya bai san daga inda ta taso ba, bai san inda za ta sauka ba. Wannan jerin shi suke kira rami, kuma a bisa saitin farko kwamfutoci uku ne a cikinsa. Ramin fita daban, ramin shigowa daban, amsa ba ta biyo hanyar da tambaya ta bi. Bayan kowane minti 10 a rushe ramukan a haƙa sababbi. Sukan kuma ƙunshe saƙonni da dama a dunƙule ɗaya, shi ya sa suke kiran tsarin da sunan tafarnuwa.

Yanzu mu shiga shago. Na zauna da wani matashi a wani ɗan shagon gyaran waya da kwamfuta, fanka tana juyawa, 'yan benskin, wato masu acaba, suna ta hon a bakin titi. Ya riga ya sa Java, domin asalin I2P da ita take tafiya. Ya kunna, ya buɗe burauza, ya rubuta 127.0.0.1:7657. Wannan lamba ba wani wuri ba ne a duniya, kwamfutarka ce kake magana da ita. Shafi ya buɗe, ya mayar da shi Faransanci. A gefen hagu akwai adadin abokan da na'urarsa ta sani, yana hawa a hankali. Ya dube ni ya ce, "Yaya, ai ba ta yi ba." Na ce, "Ƙanena, minti nawa da kunnawa?" Ya ce bai fi uku ba.

Nan ne mafi yawan sababbin shiga suke karaya. A kunnawar farko, manhajar sai ta je ta karɓo jerin wasu abokai da za ta fara gaisawa da su, sannan ta yi ta gwada su, wane ne mai sauri, wane ne mai cika alkawari. Wannan yana cin mintoci, kuma ba ta kan zauna daidai sai ta yi awoyi a kunne. Idan ka kashe ka sake kunnawa don haushi, ka mayar da hannun agogo baya. Haƙuri, masu sauraro, haƙuri.

Da na ambaci agogo, ga abin da ya kama yaron nan. Kwamfutarsa tsohuwa ce, ta hannu, ɗan batirin da ke riƙe mata lokaci ya mutu. Duk sa'ad da wuta ta ɗauke ta dawo, sai agogon ya koma wata shekara can baya. I2P kuwa ba ta wasa da lokaci, domin da shi take tantance ko saƙo sabo ne ko wani ne ya ajiye tsoho yake sake turowa. Idan agogonka ya kauce sosai, abokai za su ƙi kula ka. Da ya gyara kwanan wata da awa, sai muka ga alamun ramuka suna komawa kore ɗaya bayan ɗaya. Ya yi murmushi, ya gyara zama.

Sai kuma ya rubuta adireshin Facebook, ya ga shiru. Wannan ma kuskure ne da kusan kowa ke yi. I2P ba a gina ta don yawo a intanet ɗin da kuka saba ba, wannan ya fi zama aikin wata manhaja mai suna Tor. Ita duniyarta a cikinta take, shafukanta suna ƙarewa da .i2p, kuma ba za su buɗe ba sai ka shiga saitin burauza ka nuna masa ya riƙa bi ta ƙofa mai lamba 4444. Ware burauza guda don wannan aiki kaɗai, kada ka haɗa shi da wanda kake shiga asusunka na yau da kullum.

Akwai maganar da nake so 'yan New Bell su ji da kyau. A I2P, kai ma direba ne. Yadda wasu ke ɗaukar kayanka, haka kake ɗaukar na wasu, kuma da datarka ake yin dakon. Mai sayen forfe, wato kunshin data, na kwana ɗaya a MTN ko Orange, idan ya bar ta a saitin da ta zo da shi, zai iya waiwayowa ya tarar data ta ƙare bai aika komai ba. Akwai shafin da ake rage yawan abin da kake bayarwa. Ka fara da shi tun kafin komai. Ban ce ka rufe gaba ɗaya ba, domin dakon da kake yi wa wasu shi ne yake lulluɓe naka zirga-zirgar.

To, sai wasiƙa. I2P tana zuwa da akwatin wasiƙa nata mai suna Susimail, amma shi yana dogara ne da wata cibiya guda da wani mai sunan aro, postman, yake kula da ita. I2P-Bote ya bi wata hanya dabam, babu cibiya ko ɗaya. Idan ka aika wasiƙa, a kulle ta, a yanka ta gunduwa-gunduwa, a watsa a kwamfutocin masu amfani da shi. Wanda aka aika wa, duk ranar da ya kunna tasa, sai ta bi ta tattaro, ta buɗe da mabuɗinsa. Guntayen suna iya jiransa har kwana 100 kafin a share. Kana ma iya sa wasiƙar ta ɗan yada zango a hanya, don kada mai sa ido ya haɗa lokacin da ka aika da lokacin da ta isa. Adireshinka ba suna ba ne, dogon jerin haruffa da lambobi ne, mafi gajarta a cikinsu ya haura 80, ba mai haddace shi. Kuma idan kwamfuta ta lalace ba ka kwafe mabuɗinka a wani wuri ba, shi ke nan, babu ofishin da za ka je ka ce ka manta.

Gaskiya tsakani da Allah, I2P-Bote ya tsufa. Shekaru ke nan aikin sabunta shi ya yi sanyi, sau da yawa yakan ƙi zama a kan sabuwar I2P, kuma tsarin da ya dogara da yawan jama'a, idan jama'ar suka ragu, wasiƙa takan yi jinkiri ko ta ɓace. Wanda yake son koyo, bismilla, makaranta ce mai kyau. Amma wanda rayuwarsa ko ta wani ta rataya a kan saƙon, ni dai ba zan ce ya jingina da shi ba.

Wani zai ce, mai gaskiya me zai ɓoye? Mu a ƙasar nan mun san amsar. Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, an kama shi a Marwa a ƙarshen Yulin 2015, kotun soja a Yawunde ta yanke masa shekara 10 a Afrilun 2017, sai a Disambar 2017 ya fito bayan ɗaukaka ƙara. Ɗan jarida yana da mutanen da suka ba shi amanar magana. A farkon 2017 kuma, wayoyin jama'a suka yi ta karɓar gargaɗi daga hukuma cewa yaɗa labarin da ba ka iya tabbatarwa yana jawo ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2, ƙarƙashin dokar 2010.

Amma ku tuna da bambancin nan na zamanin Manga Bell. A ƙarshen 2014, wani matashi a Limbe ya tura wa abokinsa saƙon barkwanci a kan Boko Haram, shi kuma ya tura wa wani ɗalibi. Babu wanda ya tare saƙon a hanya. Malami ne ya karɓe wayar ɗalibin, ya gani, magana ta kai ga 'yan sanda. Su uku aka yanke musu ɗaurin shekara 10 kowannensu, a 2016. I2P tana kare hanya ne kawai. Ba ta kare wayar da aka karɓa daga hannunka a buɗe, ba ta kare ka daga wanda ka aika wa. Kamfanin da ke ba ka intanet ma, ko da bai san abin da kake faɗa ba, yana iya gane cewa kana amfani da ita.

Kuma ba ta aiki inda babu layi. Daga 17 ga Janairu zuwa 20 ga Afrilun 2017 an katse intanet a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma, wata uku cur. Matasan Buea masu sana'ar kwamfuta mota suka riƙa shiga suna nufo Duwala don su aika saƙo, wasunsu suka kama ɗaki a ƙauyen Bonako, inda layin wannan yanki yake kaiwa.

Ana yi mini alama daga ɗakin injiniya cewa lokaci ya cinye mu. Na so in yi bayanin i2pd, wadda ba ta bukatar Java kuma ta fi sauƙi ga tsohuwar kwamfuta, da kuma I2P ta wayar Android, amma sai wani jiƙon. Abu ɗaya da ba zan tsallake ba: ku sauko da manhajar daga shafin masu ita, geti2p.net, kada ku karɓa a filashin wani ko ta WhatsApp, domin gurɓatacciya ta fi rashinta haɗari. Ku sa wa kwamfutar kalmar sirri, ku sayi sabon batirin agogo, bai fi 'yan ɗaruruwan sefa ba a wurin masu gyara na Akwa.