Yadda Ake Farfaɗo da Tsohon Kwale-kwale Mai Inji

Ƙasar Ɗambatta ƙasar tudu ce. Gero da dawa da gyaɗa da wake aka sani, gona na jingine da gona, ƙauye na hango ƙauye. A da, ruwan da manomin wannan yanki ya saba da shi bai wuce rijiya da kududdufi da rafin da ke gudu da damina ya ƙafe da rani ba. Shirin gina madatsun ruwa da aka faro a zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya sauya wannan. Aka tare ruwa a Tiga ta kudancin Kano, aka tare a Thomas kusa da Ɗambatta, aka tare a Watari ta Bagwai. Inda ruwa ya kwanta kifi ya yawaita, masunta suka samu sana'a. Inda ruwa ya raba ƙauye da kasuwa kuwa, dole aka nemi masu fito.

Haka kwale-kwale ya shigo ƙasar da ba ta gaje shi ba. Sana'ar haɗa jirgin katako ta fi daɗewa a bakin kogin Neja, wajen Yawuri da tafkin Kainji, da kuma Baga a bakin tafkin Chadi. A can yaro na tashi yana ganin ana ƙwanƙwasa jirgi. A nan kuwa sau da yawa jirgi kan yi ta aiki har ya gaji, sannan a fara tunanin gyara. Wannan rubutu zai bi matakan gyaran ɗaya bayan ɗaya, domin a wannan aiki jerin matakai shi ne komai: katako tukuna, sannan haɗi, sannan inji, fenti a ƙarshe.

Abin da ke kashe katako

Mutane da yawa na zaton ruwa ne ke ruɓar da jirgi. Katakon da ya nutse gaba ɗaya ba ya saurin ruɓewa, domin naman gwarin da ke cin itace na buƙatar iska kamar yadda yake buƙatar danshi. Inda ake samun ɓarna shi ne inda laima da iska suka haɗu: daidai layin da ruwa ke tsayawa a jikin jirgi, da lungunan ciki inda ruwan sama ke kwana ba a kwashe ba, da ƙarƙashin benci inda laka da ɓawon kifi ke taruwa.

A arewacin Kano akwai wani abokin gaba kuma, wato bushewa. Katako na kumbura idan ya sha ruwa, ya tsuke idan ya bushe, kuma ta faɗinsa yake wannan motsi, ba ta tsawonsa ba. Jirgin da aka jawo tudu aka bar shi ya sha iskar hunturu, ya zarce cikin ranar bazara, sai ka ga haɗin katakansa ya buɗe har haske na ratsawa. Idan kuma a kan ƙasa ya kwanta kai-tsaye, gara na nan tana aiki daga ƙasa. Shi ya sa ake ɗora jirgi kan duwatsu ko gungume, a inuwa, a kife.

Na uku ƙusa ce. Ƙusar ƙarfe ta kasuwa na yin tsatsa cikin danshi, tsatsar ta baƙanta katakon da ke kewaye da ita ta kuma raunana shi. Daga waje kan ƙusar na nan daram, a ciki kuwa ta zama siririya, ba ta riƙe da komai.

Bincike kafin a ɗauki guduma

Gwanin kafinta ba ya fara aiki sai an wanke jirgi tas, an kankare tsohon fenti da kwalta, an bar shi ya sha iska. Sannan ya tsuguna da sukuddireba a hannu. Yana bin katako ɗaya bayan ɗaya, yana ƙwanƙwasawa da ƙotar, kunnensa a kusa. Lafiyayyen katako na amsawa da kaifin sauti, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum-dum. Inda ya yi shakka ya juya tsinin ya danna. Idan ya shige ba gardama, ya fito da gari mai laushi launin ƙasa, sai ya zana da alli ya ɗago ya ce wa mai jirgi: "Alhaji, wannan ya gama aiki, sai dai a canza." Da ya kammala zagaye, allin da ke jikin jirgin ya nuna kuɗin da za a kashe.

Wuri biyu ake fi tsanantawa. Na farko sandunan ciki da ke riƙe da gefuna da ƙasan jirgi, domin su ke ba shi siffarsa. Na biyu katakon baya inda ake ɗaure inji. Dukan ƙarfin da farfela ke turawa ta wannan katako yake bi kafin ya isa sauran jirgin, ga nauyin injin, ga girgizarsa. Jirgin da aka haɗa don filafili, daga baya aka ɗaura masa inji ba a ƙarfafa bayansa ba, daga nan yake fara tsagewa.

Nan ne kuma ake yanke shawara mafi wuya. Idan sanduna na da lafiya, katakan jiki ne suka lalace, gyara ya fi saye. Idan ruɓar ta kama sandunan da ƙasan gaba ɗaya, abin da ya dace shi ne a cire inji da sauran abin moriya, a haɗa sabon jirgi.

Canjin katako da toshe haɗi

Ba a ɓalle katakai duka a lokaci guda, domin jirgin zai karkace ya rasa siffa. Ɗaya ake cirewa, a ɗora shi kan sabo a zana, a yanka da zarto, a kafa, sannan a koma kan na gaba. Ruɓaɓɓen wuri kuma ba iyakar baƙinsa ake yankewa ba, sai an shiga cikin lafiyayyen katako, saboda cutar kan riga ta yi gaba fiye da inda ido ya gani.

Mai zuwa 'Yan Katako a Na'ibawa ko Rijiyar Lemo a Kano zai tarar da farin katako mai araha da sauƙin aiki, amma ba ya jure zaman ruwa. Na jirgi shi ne mai ƙarfi irin maɗaci da loko da kawo, wanda ya bushe sosai kafin a yanka. Ƙusa kuma a nemi wadda aka yi wa rufin hana tsatsa, a huda mata hanya tukuna don kada katakon ya tsage.

Tsakanin katako da katako ana cusa auduga ko zaren ƙyalle da bakin ƙarfe mai faɗi, ana bugawa a hankali, sannan a bi da narkakkiyar kwalta. Hikimar a nan ita ce kada a cika cusawa. Busasshen katako zai kumbura da ya shiga ruwa, shi da kansa zai matse audugar. Idan an ƙure wurin tun yana bushe, kumburin zai rasa inda zai je, sai ya tura ƙusa waje ko ya banƙare katakon.

Akwai gajerun hanyoyi biyu da ke yaudarar ido. Ɗaya ita ce buga gwangwani ko guntun kwano a kan ruɓaɓɓen wuri. Ɗayar kuma lulluɓe tsohon jirgi da faiba alhali katakon na da laima. Duka biyun na tsayar da yoyo na ɗan lokaci, amma suna kulle danshi a ciki, ruɓa ta ci gaba inda ba mai ganinta.

Injin

Injin da ake ɗaurawa a bayan jirgi ya yaɗu ne daga aikin Ole Evinrude, wanda ya fito da nasa a Milwaukee ta Amurka a 1909. Kamfanin Yamaha na Japan ya shiga harkar a 1960, kuma samfurinsa na Enduro ya zama sananne a ruwayen Afirka ta Yamma saboda sauƙin gyara. Irin wannan inji ba shi da ma'ajin baƙin mai daban. A cikin fetur ake zuba man da aka yi dominsa, yawanci kashi 1 cikin 50, wato rabin lita ga tankin lita 25. Wanda ya rage baƙin mai don tsimi, fistin zai biya.

Injin da ya daɗe a ajiye, kafireto ake fara buɗewa, domin tsohon fetur na bushewa ya bar danƙo a ƙananan hanyoyinsa. Sai fulogi, sai a auna ƙarfin matsin silinda. Daga nan a sauka ƙafar injin, inda abubuwa biyu ke ɓoye. Akwai ƙaramar farfela ta roba mai tura ruwa sama don sanyaya inji. Tana taurarewa da tsufa, kuma tayar da inji a tudu babu ruwa na iya cinye ta cikin ɗan lokaci kaɗan. Alamar lafiyarta siririn ruwan nan ne da ke tsartuwa daga gefen inji. Da ya tsaya, a kashe inji. Sai man giya: idan aka kwance shi ya fito fari-fari, ruwa ya shiga. A madatsun da ake su, mai laifin sau da yawa zaren koma ne da ya nannaɗe bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwa.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

A Turai da Amurka farfaɗo da tsohon jirgin katako sana'a ce mai zaman kanta. Jiragen Chris-Craft na Amurka da na Riva, waɗanda ake haɗawa a Sarnico a bakin tafkin Iseo na Italiya, su ne abin nema. Samfurin Riva mai suna Aquarama, da aka yi daga 1962 zuwa 1996, da katakon mahogani aka gina shi, dangin maɗacinmu. Masu gyaransa kan shafe watanni suna shafa man ƙyalli suna gogewa da samfefa, shafi bisa shafi, kuma darajarsa na ƙaruwa gwargwadon yawan kayan asali da suka rage a jikinsa. Manufarsu ado ce da tarihi, tamu kuwa kifi da fasinja. Amma tsarin aikin bai bambanta ba. Su ma ƙasan jirgi suke fara dubawa, ƙyalli ya zo daga baya.

Gwaji da lodi

Bayan fenti ya bushe, ana tura jirgi bakin ruwa a ɗaure shi kwana biyu ko uku ya jiƙa. Yoyon ranar farko ba abin tsoro ba ne, katako na kumbura. Wanda ya ci gaba bayan haka, a nemo shi a gyara. Sannan a gwada inji kusa da gaɓa, jirgi babu kowa, daga baya a ɗora buhunan yashi a ga inda ruwa ya kai.

Dalilin wannan tsanani sananne ne ga mutanen yankin. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani kwale-kwale da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya kife a ruwan Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. A watan Mayu na shekarar, wani jirgin katako ya nutse a kogin Neja kusa da Warrah ta jihar Kebbi da mutane fiye da 150, kuma jami'an NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, sun danganta haɗarin da tsufan jirgin da yawan lodi.

Gyara na mayar da jirgi ƙarfinsa na da, amma ba ya ƙara masa girma. Don haka aikin ƙarshe na mai fenti shi ne ya ja layi a gefen jirgi daidai inda ruwa ya tsaya a gwajin yashi, ya kuma rubuta adadin fasinja inda kowa zai gani. Rigunan ceto su kasance daidai da wannan adadi, da abin kwasar ruwa da filafili ko da inji zai mutu a tsakiya. Idan layin ya nutse, mai fito ya sauke wasu, ya yi sawu biyu.