Laifi yana da lokacinsa, yana da wurinsa

Sanin kowa ne a ƙasar Dantchiao, da Magarya, da Dungas, idan kaka ta yi ƙararraki sukan yi yawa a ƙofar mai gari. Wannan ya ce shanu sun shiga gonarsa da dare sun cinye masa wake. Wancan ya ce an kwance masa rago a turke. Wani kuma rumbunsa aka fasa. Ana sasantawa, ana biyan ɓarna, kowa ya kama gabansa. Amma in aka tambaya awaki nawa aka sace bara a gari guda, a wane wata, ta wace hanya aka kora su, da wuya a samu mai amsa. Kowa abin da ya same shi kaɗai yake riƙe da shi.

Akwai masana waɗanda aikinsu ke nan, ƙidayar laifuka. Suna tara ƙararraki na shekaru da yawa, su jera su, su duba inda suka yi kama da juna. Abin da suka gano yana da amfani ga manomi da makiyayi.

Inda aka fara ƙidaya

A ƙasar Faransa aka soma. A 1827 gwamnatinsu ta fara buga lissafin shari'o'in da aka yi cikin ƙasa, shekara shekara. Wani lauya mai suna Guerry ya ɗauki wannan lissafi, ya zana shi bisa taswira, ya fitar da littafi a 1833. Ya ga abu biyu da suka ba mutane mamaki. Na farko, yawan laifi bai cika canzawa ba daga shekara zuwa shekara, kamar ana awonsa da tiya. Na biyu, sata ta fi yawa a arewacin ƙasar inda dukiya take, ba a yankunan matalauta ba. Ke nan ɓarawo inda kaya suke yake bi.

A ƙasar Jamus kuma wani masani, von Mayr, ya gwama farashin hatsin da suke yin burodi da shi da yawan sata a yankin Bafariya, daga 1835 zuwa 1861. Ya tarar duk lokacin da hatsi ya hau, sata ta hau, in ya sauka ta sauka. Wannan magana ba baƙuwa ba ce ga wanda ya ga yunwar 2005 ko ta 2010 a Nijar. Yunwa ba ta halatta kayan wani. Amma wanda ke son rage sata, dole ya sa ido ga kuɗin tiyar hatsi.

Game da wuri, an yi wani bincike a birnin Miniyafolis na Amurka, aka buga shi a 1989. An ƙidaya kiran da mutane suka yi wa ƴan sanda cikin shekara guda. Rabin kiran duka daga wurare 3 cikin 100 ya fito.  Ashe ba sai an tsare ko'ina ba, a san wuraren kaɗai.

Kaka, lokacin hatsari

A Nijar, tashin hankali mafi muni tsakanin manoma da makiyaya yana da watanninsa. A watan Oktoba na 1991, a Toda cikin ƙasar Gidan Runji, jihar Maraɗi, an kashe mutum fiye da 100, yawancinsu mata da yara na makiyaya. A farkon watan Nuwamba na 2016, a Bangi cikin ƙasar Madawa, jihar Tawa, mutum aƙalla 18 suka rasa rayukansu. Shekara 25 tsakani, jiha daban, amma lokaci guda, kuma mafari guda: rigimar dabba da gona.

Dalili a fili yake. Tafkunan arewa suna ƙafewa bayan ɗaukewar ruwa, garke ya juyo kudu. A daidai lokacin nan manomi ya girbe gero, amma wake da dawa da gyaɗa suna gona. In burtali ya matse saboda an nome shi, ko an kewaye mashaya, dabba ba ta da hanya sai cikin amfani. Ƙasar Magarya tana cikin wuraren da jama'a suka fi cunkushewa a Nijar, gona na manne da gona, saboda haka wannan hatsari ya shafe ta ƙwarai.

Gwamnati ta yi dokoki a kai. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kawo kwamitocin ƙasa, waɗanda ake kira Kofo, aka kuma kafa su tun daga gunduma har ƙauye, don shata burtali da makiyaya da rubuta cinikin gonaki. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin yawo da dabbobinsa. Kowace shekara hukuma ke yanke ranar sakin gonaki. Kafin ranar, dabba ba ta shiga. Bayan ranar, manomi ya san ya kwashe abinsa. To, gari da ya san a waɗanne makonni da kuma bakin wane burtali ɓarna ta fi faruwa, shi ne zai iya tara mai gari da arɗo su yi magana tun garke bai iso ba.

Kan iyaka

Dantchiao tana dab da iyakar Nijeriya. Dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya ce, kuma albarka ce babba. Dabbobin yankin da yawa suna tafiya kasuwannin tsallake, kamar ta Maigatari a jihar Jigawa wadda ke ci ran Alhamis. Amma hanyar da dabbar halal ke bi, ita ta sata ke bi. Akuyar da aka kwance da dare tana iya wayar gari cikin wata ƙasa, inda jandarma na nan ba su da ikon bin sawu. Shi ya sa ranar sata ke da muhimmanci a rubuce. In littafi ya nuna yawancin sata a daren jajibirin wata kasuwa ake yi, ko gab da babbar salla lokacin da rago ke tsada, samari sun san daren da ba su barci, dillalai kuma sun san ranar da za su tsananta tambaya: dabbar wa, wace shaida gare ta, wa ya san mai ita. Da ɗan gari akan ci gari, da ɗan gari kuma akan tsare shi.

Abin da ba ya isa ga hukuma

Ƙidaya tana da rami guda. Littafin jandarma da na gidan shari'a abin da aka kai masu kaɗai ke ciki. Talaka yakan yi lissafi: kuɗin kabu-kabu zuwa Magarya da komowa, da yinin aiki da zai ɓata, sun kusa kuɗin akuyar. Wani kunya ke hana shi, don ɓarawon ɗan dangi ne. Mace da aka zalunta a ɗaki sau da yawa shiru take yi. Ba a nan kaɗai ba. A Amurka tun 1973 ake bi gida gida ana tambayar mutane abin da ya same su, kuma an ga fiye da rabin laifuka ba su isa ga ƴan sanda. Saboda haka in an ji an ce gari kaza ba ƙara, ba lalle ba ne babu laifi. Wataƙila hanya ce ta yi nisa.

Littafi guda a kowane gari

Maganin wannan ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta mutane, ta kuma ce a rubuta takardar sulhun a ajiye. Abin da ya rage shi ne kowane mai gari ya samu littafi da wanda ya iya rubutu, da boko ko da ajami. Duk abin da aka kawo a rubuta:

Rana da wata, dare ko rana.
Wurin da abin ya faru.
Irin laifin: sata, ɓarnar gona, faɗa, ko wani abu.
Abin da ya ɓace da kimarsa.
Yadda aka ƙare, sulhu ko shari'a.
Kuɗin tiyar hatsi a wannan mako.

Ba a rubuta sunan wanda ake zato, ba a rubuta ƙabila. Zato ba shaida ba ne, kuma abin da ya faru a Toda ya nuna inda ake zuwa in aka ɗora laifin mutum guda kan jama'a duka. Wanda aka kama, a miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa.

Bayan shekara guda a karanta littafin a gaban jama'a, manoma da makiyaya, maza da mata, a kai kwafi ga magajin gari. In sata ta bi tsadar hatsi, maganar rumbun tsimi da noman rani ta taso. In ɓarna ta taru a wuri guda, Kofo ta zo ta sake shata burtalin. In daren kasuwa ne, a shirya gadi. Likita ba ya ba da magani sai ya auna. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, amma sai an san inda cuta ke shigowa.

Allah ya ba da damina mai albarka, da kaka ta lumana.